Neman kalma: tiyatar dunduniya da ba a buɗe fata sosai

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan ɗauki shiri kan ciwon agara da ya ƙi jin magani, mai kamawa daidai inda agarar ta manne da ƙashin dunduniya. Likita zai yi bayanin aikin da wani likitan ƙashi mai suna Zadek ya fito da shi a 1939: a cire ɗan yanki a saman ƙashin, a haɗe shi a ɗaure, agarar ta samu sassauci. A da sai an buɗe wurin sosai, yanzu ta yankan kamar santimita 1 ake shiga. Wannan salon aikin da Turanci ake ce wa "minimally invasive", me zan kira shi da Hausa?

Ɗan Damagaram: Ƙaramar tiyata.

Malamar Jinya: A'a ƙanena. Yankan ne ƙarami, aikin ba ƙarami ba ne. Ƙashi fa aka yanka. Mutum zai yi makonni cikin takalmin asibiti kafin ya taka sosai. Kuma ba a zuwa nan sai an shafe wata 3 zuwa 6 ana motsa agarar da ɗaga dunduniya a takalmi ba a dace ba. Ka ce ƙarama, gobe mai acaba ya ɗauka zai koma kan babur da yamma.

Ɗan Damagaram: To, tiyata ta ƙaramar kafa.

Mai Shirin Lafiya: A rediyo kafa da ƙafa za su rikice, ga shi maganar ƙafar ake yi.

Baba Malam: Duk kun bar gida. Sakiyar zamani! Huda ce ƙarama, ciwo ya fita. Tiyata ma aro ce daga Turanci, muna da fiɗa.

Malamar Jinya: Allah gafarta Malam, sakiya mugunya take fitarwa, nan babu mugunya. Tsorona kar wani ya ji, ya kai agararsa wurin wanzami a sa mata ƙarfe mai zafi. Fiɗa kuwa, ka faɗa wa majinyaci ka ga yadda idonsa zai yi, mahauta zai tuna.

Baba Malam: 'Yata, haka harshe ke mutuwa. Yau mun ji kunyar fiɗa, gobe me za mu bar wa jikoki?

Ɗan Damagaram: Baba, ku can kuna aro daga Ingilishi, mu nan daga Faransanci, amma in mun yi magana sai a ce Hausarmu ba ta kai ba.

Baba Malam: Ban ce ba. Sakiya dai ta kowa ce, Kano da Damagaram.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah, lokaci na tafiya. Zan ce "tiyatar ƙaramin yanka", in bi da bayanin cewa ana taɓa ƙashi. Kuma agara zan ce, tunda jijiya ta haɗa har da ta jini.

Baba Malam: Agara na yarda. Sauran ka yi don shirinka, ni ban sa hannu ba. In za a rubuta a littafin makaranta, a dawo a zauna.