Wai bin hoto ya wadatar wa mai zanen dabba?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana ko da za a yi mini ca. Wannan koyon ƙoƙon kan dabba da ake ta nanata mana ɓata lokaci ne. Ɗora hoton a manhajar zane ta ibisPaint, ka dusashe shi, ka buɗe leya, wato sabon shafin da ake hango na ƙasa ta cikinsa, a sama ka bi layi. Hoto ba ya ƙarya.

Malamin Zane: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hoto na ƙarya, balle na waya. Turo aikinka na jiya mu gani.

Ɗan Kawo: Ga shi, Malam. Balamin maƙwabcinmu ne, ya ce a zana masa kafin layya.

'Yar Unguwar Rimi: Gashin ya fita wallahi. Amma hancin nan fa? Ya kusa cinye fuskar, kunnuwan kuma sun tsuke, alhali Balami da dogon kunne aka san shi.

Ɗan Kawo: Haka yake a hoton, Anti. Ko ɗigo ban ƙara ba.

Malamin Zane: A nan gizo ke saƙar. Mai ragon ya kanga wayar ne dab da bakinsa. A ce hancin na nesa da kyamara da santimita 30, kunnen kuma 60, to hancin zai fito ninki biyu na girman da ya kamata in an gwada da kunnen. Ja baya mita 3 ka yi zum: hanci 300, kunne 330, bambancin kashi 10 cikin 100 ne kacal. Kai kuwa ka kwafe kumburin kaf, har ka shafa masa launi.

Ɗan Kawo: To ai kun ba ni gaskiya. Sai in ja baya in ɗauki hoto mai kyau in bi. Ina ƙashi ya shigo?

Ɗan Rigasa: Ina bayanka. Mu da ke shago, kwastoma yau zai kawo gobe ya karɓa, kuɗin ma sai an yi ciniki kamar na tumatir. Wa ke da lokacin ƙirga ƙasusuwa?

Mai Dawaki: Ɗan Rigasa, sau nawa kai ke ɗaukar hoton? Turo maka ake yi, wani dishi-dishi, dokin ma an sayar ko ya mutu. Sannan a ce juyo da kansa kaɗan ya kalli mutane. Wane layi za ka bi a ɓangaren da babu shi a hoton? Ni a filin folo na Murtala Square nake tsayawa ina kallonsu. Idon doki a gefen kai yake. In ya ɗan karkato, idon da ke can ɓangaren ba ka ganinsa, sai tudun ƙashin da ke samansa da 'yan gashin ido sun leƙo. Sabon hannu sai ya zana ido biyu cikakku a gaba, dokin ya fito da fuskar mutum. Ga kuma wani ƙashi da ya miƙe daga ƙasan ido zuwa wajen hanci, shi ke raba haske da inuwa a kuncin. Baƙin tsakiyar idon ma a kwance yake, haka na rago da akuya, na kyanwa ne ke tsaye.

'Yar Unguwar Rimi: Ni kan fara da akwati mai tsawo, in ja layi tsakiyar goshi har leɓe, sannan in jera ido da ido, ƙaho da ƙaho a layuka masu bin karkatar akwatin. In na juya zanen hagu zuwa dama a manhajar Krita, duk inda ya goce sai ya tona kansa.

Malamin Zane: Mai zane George Stubbs na Ingila sai da ya yi wajen shekara ɗaya da rabi yana feɗe dawaki yana zanawa, kafin littafinsa na 1766 kan ƙirar jikin doki.

Ɗan Rigasa: Malam, da yana da kyamara da bai sha wannan wari ba.

Malamin Zane: Wataƙila. Ni dai ban ce a daina bin hoto ba, ni ma ina yi in aiki ya matse. Ɗan Kawo, in an yanka ragon nan, roƙi kan bayan an cinye naman. Wanke shi, ka shanya, ka zana shi ta gaba, ta gefe, ta ƙasa.

Ɗan Kawo: Ban sallama ba tukuna. Ku zana da ƙashinku, ni in sake hoto daga nesa in bi layina, mu kai wa mai ragon ya zaɓa ba tare da ya san na wane ba.

Mai Dawaki: Sharaɗi ɗaya: kan ya juyo hagu, saɓanin hoton.

Ɗan Kawo: A'a Yaya, wannan kuma zalunci ne. Kan ragon ma sai na tambayi Hajiyar gidan, don da gatari suke fasa shi in za a yi farfesu.