Agogon ƙarfin mai a Peugeot 504, allura ta ƙi sauka

Salamu alaikum ƴan uwa makanikai da masu gyaran wutar mota, don Allah a taimaka min. Peugeot 504 ce ta mahaifina mai shan fetur, nan Maradi, ban son moterta ya lalace a hannuna, ita kuma jar fitilar mai ta tablo sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa sosai take kamawa. Shi ya sa na sa aka kawo min agogon ƙarfin mai daga Katsina, na lantarki, 0 zuwa 5 bar, tare da sondinsa, wato abin da ake ɗaurawa jikin moter yana auna ƙarfin man.

Mun kwance sondin fitilar na asali jikin moter muka ɗaura ƙarfe mai baki biyu don fitilar ta ci gaba da aiki, sai dai zaren sabon sondin bai so shiga ba, na 1/8 ne irin na Amurka, sai da aka naɗa teflon ya daina yoyo. To yanzu da na murɗa kontak, mota ba ta ma tashi ba, allura sai ta wuce 5 ta manne can, in ta tashi ma, a ralanti (ba a taka totur ba) ko an taka duk ɗaya. In na taɓa wayar sondin da jikin moter tana faɗowa sifiri.

Teflon ɗin ne ya hana sondin samun mas, wato haɗuwar wuta da jikin moter, ko kuwa sondin da agogon ba jinsi ɗaya ba ne? Oham nawa ya kamata in gani a mita in na auna sondin mota tana kashe? Tafiyar Dakoro ke gabana, ga zafi.