Ambaliya ta cika mana kwamin ninkaya da laka: a kwashe ruwan ko a gyara shi?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kula da kwamin ninkaya na cikin gida. Ambaliyar ruwa ta shigo harabar gidanmu, ta shafe kwamin baki ɗaya, ta kuma shiga ɗan ɗakin da famfo da matatar ruwan kwamin suke. Yanzu ruwan ya janye, amma wanda ya rage a kwamin ya koma launin ƙasa, ba a iya hango ƙasansa, ga ganyaye da tarkace a sama, ga kuma wari. Kwamin na kankare ne mai tayil, yana ɗaukar kimanin lita 50,000, matatarsa kuma ta yashi ce. Niyyata ita ce in kawo injin zuƙe ruwa in kwashe shi kaf, a wanke, sannan a sake cikawa. Shin hakan daidai ne? Kuma yaushe ne hankalina zai kwanta in bar yara su koma ciki?

Injiniya Habu:
Wa alaikumus salam, Baban Khalil. Allah ya kiyaye gaba. Don Allah kada ka kwashe ruwan yanzu, domin a nan babbar asara take. Bayan ambaliya, ƙasar da ke kewaye da kwamin tana nan jiƙe sharkaf, ruwan da ke cikinta kuma yana tura kwamin sama, ba abin da ke danne shi sai nauyin ruwan da ke ciki. Lita 50,000 tan 50 ke nan. Da zarar ka cire wannan nauyi, kwamin zai zama kamar bokitin da babu komai cikinsa aka danna shi a ruwa: zai iya tasowa, kankaren ya tsage, bututun da aka binne su kakkarye. Gyaran irin wannan ɓarna yakan kai ga sabon gini. Wasu kwamayen suna da bawul a magudanar ƙasa wanda ke rage wannan matsi, sai dai laka takan toshe shi, don haka ba abin dogaro ba ne a halin da kake ciki.

Kafin komai ma, ka kashe wutar ɗakin famfo daga babban makunni na cikin gida, kuma kada kowa ya kunna injin sai mai gyaran wuta ya buɗe shi, ya busar, ya gwada. Injin da ya kwana cikin ruwa yana iya ƙonewa, yana kuma iya sakin wuta cikin kwamin. A duba har fitilun da ke cikin ruwa da akwatunan wayoyinsu.

Maman Zarah:
Na yarda da Injiniya a kan haɗarin kwashewa, amma ni zuciyata ta fi karkata ga batun yaran. Ruwan ambaliya yakan bi ta kwatoci da ramukan masai, ya ɗauko kashin dabbobi, takin gona da man mota, saboda haka ko ya washe, ba shi ke nuna ya tsarkaka ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, kiriftosporidiyam, wadda kan yi kwanaki a raye cikin ruwan da ke da kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, daidai gwargwado. Shawarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar idan wani ya yi gudawa a kwami ita ce a ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a kowace lita, a riƙe shi a haka na kusan awa 13, ma'aunin tsamin ruwa kuma, wato pH, kada ya wuce 7.5. Idan akwai sinadarin da ke kare kulorin daga rana a cikin ruwan, lokacin ya fi haka tsawo. A ganina ruwan da ake zargin masai ya shiga bai cancanci ƙasa da wannan ba.

Yaya, ka kuma duba shinge da ƙofar kwamin yau ɗin nan. Idan yaro ya faɗa cikin ruwa mai laka, ba wanda zai hango shi. Mai aikin kuma ya sa safar hannu da takalmin ruwa, ya lura da macizai a cikin tarkacen.

Mai Gyaran Famfo:
Ranka ya daɗe, bari in faɗi yadda muke bi da aikin. Da fari a tsame duk abin da raga za ta iya tsamewa, a kwashe dattin kwandon famfo da na bakin kwami. Lakar ita ce babbar matsala, kuma kuskure ne a bar ta ta bi ta matata, domin ta fi yashin laushi, ko ta toshe shi ko ta ratsa ta dawo cikin kwamin. Abin yi shi ne a daidaita pH, a zuba alif ko wani sinadarin da ke dunƙule datti bisa adadin da aka rubuta a mazubinsa, a juya bawul zuwa inda ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga matata ba na kamar awa biyu, sannan a kashe injin a bar ruwan ya kwana, wani lokaci ma ya yi kwana biyu. Lakar za ta kwanta a ƙasa. Sai a juya bawul zuwa inda ke zubar da ruwa waje, a zuƙe ta da mesa a hankali, domin gaggawa tana tayar da ita, a koma gidan jiya. Ana zuƙa ana ƙara ruwa mai tsabta, ta yadda nauyin da Injiniya yake magana ba zai ragu sosai ba.

Bayan nan ne kulorin zai yi amfani, domin idan an zuba shi cikin laka, dattin ne zai cinye shi. A lita 50,000, miligiram 20 a lita yana nufin kilo 1 na zallar kulorin, wato kimanin kilo 1.5 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari. A zuba da yamma, a narkar da shi a bokitin da aka riga aka cika da ruwa, kuma ko kusa kada a haɗa shi da asid, domin iskar da ke tashi tana da guba. A riƙa gwadawa ana ƙarawa, a goge bango da buroshi, injin kuma ya yi ta aiki dare da rana. Duk lokacin da agogon da ke auna matsin ruwa a matatar ya hau sama da yadda yake nunawa idan tana da tsabta, a wanke yashin. Idan ambaliyar ta zo da mai, gara a canza yashin gaba ɗaya.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa kwashewa. Amma idan bayan duk wannan hankalina bai kwanta da ruwan ba, babu hanyar canza shi? Kuma da me zan gane cewa aikin ya kammala?

Injiniya Habu:
Akwai hanya. Ka jira ƙasa ta tsotse, sannan ka riƙa rage abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kana mayar da sabo kafin ka sake ragewa. Game da gwaji, ka sani cewa kulorin mai yawa yakan kashe launin wasu magungunan gwaji har su nuna kamar babu shi, don haka ka sirka ruwan gwajin da ruwan da ba shi da kulorin, ka ninka sakamakon gwargwadon yadda ka sirka. Yara za su iya komawa idan kana ganin magudanar ƙasa sarai daga bakin kwami, kulorin ya sauko tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita, pH yana tsakanin 7.2 da 7.8, kuma kulorin da ka auna da dare bai ragu sosai ba zuwa asuba. Idan ya ragu da yawa ba tare da rana ta taɓa shi ba, akwai sauran dattin da yake ci, sai a ci gaba da zuba kulorin da tacewa.