Zuwa Riverland a bakin kogin Murray: waɗanda suka san hanya su taimaka mana

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ostareliya. Hutu ya ƙarato, iyalai da yawa na tambaya game da Riverland, yankin nan na jihar Ostareliya ta Kudu da kogin Murray ya ratsa. Sunansa ya fi fita ne da gonakin inabin giya, shi ya sa wasu ke ɗari-ɗari da shi. Wanda ya san wurin ya faɗa mana abin da ya kamata a sani.

Mazaunin Adelaide:
Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ne babu yankin da ya kai shi yawan noman inabin giya a ƙasar, amma wanda ba ya sha bai yi asarar komai ba, don kogin shi ne abin zuwa. Daga Adelaide a bi babbar hanyar Sturt: Blanchetown, Waikerie, Barmera, Berri, sannan Renmark, kimanin kilomita 250, awa uku ke nan. Duk koren da za a gani noman rani ne. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, dangin Chaffey, su suka fara jawo ruwa a Renmark a 1887. A kauce wa tuƙi da asuba ko bayan magariba, lokacin kangaru ke tsallaka titi, haka ma emu, tsuntsun nan mai kama da jimina. Jiragen fito na Waikerie, Lyrup, Cadell da Morgan kyauta ne, dare da rana. Kashe mota, ja birkin hannu, shi ke nan.

Uwar gida daga Mildura:
Malam, kafin komai a ja wa matan gida kunne kan kayan miya. An hana shiga yankin da ɗanyen tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, mangwaro, ayaba, lemo da sauran 'ya'yan itatuwa, saboda wani ƙuda da ke yin ƙwai a cikinsu yana lalata gonaki. Wanda ya fito daga ɓangaren Victoria zai tarar da shingen Yamba kafin Renmark, ana buɗe but ɗin mota da kula. Tun 2019 babu afuwa: tumatir ɗaya tarar ɗaruruwan daloli ce. Akwai manyan kwandunan zubarwa a gefen hanya kafin shingen, a nan ake zubarwa, in an kai gaban jami'i lokaci ya wuce. Dafaffe, busasshe da na gwangwani ba laifi, don haka a soya miya tun daga gida, a ɗauki yaji. Nama ma ya halatta a shiga da shi, gara a sayo na halal daga birni. Kuma agogon can yana bayan na Victoria da rabin awa, a gyara saboda salla.

Mai hayar jirgi duk shekara:
Hajiya ta gama magana. Jirgin ruwa mai ɗakunan kwana kuwa, lasisin mota ya isa a ba ka haya, sai su koya maka tuƙi kafin ka tashi. Tafiyarsa kamar ta mai sauri a ƙafa, kada a yi lissafin nisa da yawa a rana. Ba a tafiya bayan faɗuwar rana, saboda haka tun la'asar a fara neman masauki. A dosi gaɓa da goshin jirgin a hankali, a bar inji kunne har a gama ɗauri, a fara da igiyar ɓangaren da ruwa ko iska ke turowa. Wanda ya fara da ɗayar, jirgin zai juya ya kwanta a gefe, farfela ta ci laka.

Babban kuskure shi ne neman inuwa. Manyan bishiyoyin turare na bakin kogin suna yar da reshe mai nauyin gaske ba iska ba gargaɗi, musamman da zafi. Kada a kafa tanti ko a ajiye mota ƙarƙashinsu. Gadar Paringa, wadda aka gina a 1927, sau biyu take ɗagawa a rana don jirage su wuce, a kira masu kula da ita tun da wuri a shaida musu.

Mai fatsa:
Ƙari a kan na Yaya: fatsa a kogin ba ta buƙatar lasisi, amma tana da doka. Kifin carp in ya kamu haramun ne a mayar da shi ruwa da rai, baƙo ne da ya addabi kogin. Kifin Murray cod kuma akasin haka, ba a tafiya da shi gida. Kifin callop sai ya kai santimita 33 kafin a tafi da shi. Ruwan a ido shiru yake, amma ƙasa akwai ja, ga sanyi, ga kututturan da suka nutse. Ba a yin alkafura a ciki. A kwale-kwale rigar ceto wajibi ce ga babba da yaro. Mai ƙananan yara ya fi samun kwanciyar hankali a tafkin Bonney na Barmera.

Mai kallon tsuntsaye:
Kwasakwasa kam ko'ina suke, musamman ƙasan madatsun ruwa irin ta Blanchetown. Mai son abin da ba a gani kullum ya nufi gandun Gluepot, kilomita 64 arewa da Waikerie, yawanci hanyar ƙasa. Can ake samun malleefowl, tsuntsuwar da ba ta kwanci, sai ta tara tulin ƙasa da ganye, zafin ruɓewarsu ya ƙyanƙyashe ƙwan. Babu shago, babu mai, a tafi da ruwan sha isasshe, in an yi ruwan sama kuma a haƙura da hanyar.

Ma'aikaciyar jinya:
Disamba zuwa Fabrairu zafi na wuce digiri 40, kuma ranar da aka ayyana hana wuta ko gawayi ba a hurawa, gashin nama sai a fasa. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi daɗi. Sauron can ba maleriya yake kawowa ba, cutar Ross River ce da masu kumbura ƙwaƙwalwa, a shafa magani mai DEET, a sa doguwar riga da yamma. In maciji ya yi sara, Allah Ya kiyaye, ba tsagawa, ba tsotsa, ba wankewa: a naɗe gaɓar da bandeji tamau, mutum ya kwanta kada ya taka, a kira lambar gaggawa 000.

Mazaunin Adelaide:
Na manta, Malam: akwai masallaci a Renmark. A kan jirgi kuwa alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa, a sake dubawa duk inda aka ɗaure don kogin lanƙwasa gare shi.