Keke mai caji: keke ne ko babur a wajen hukuma?

Assalamu alaikum. Masana dokar hanya, ina neman a warware mana wata matsala da ta tsaye wa masu keke mai caji a ƙauyukan Wudil da Gaya.

Irin da ya fi yawa yana da feda, batir mai bolt 48, injin lantarki mai wat 500 a cikin tayar baya, da totur a hannun dama. A burtali da hanyar gona babu mai tanka masa. Rikicin yana tasowa ne idan aka hau kwaltar Kano zuwa Maiduguri: wani jami'in ya ce keke ne, a wuce, na gaba ya ce babur ne, a kawo lamba, lasisi da hular kwano.

A Tarayyar Turai iyakar abin da ake ɗauka a matsayin keke a fili take: wat 250, injin yana taimakawa ne kawai idan ana taka feda, ya kuma yanke a kilomita 25 cikin awa. Namu yana tafiya da totur zalla, ƙafa ba ta motsi, kuma a ganina nan ne ya fi kama da babur.

To, a wajen hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) da KAROTA, da me ake rabewa: ƙarfin wat, gudu, ko totur? In an cire wayar totur aka bar feda, ya koma keke? In kuma sai an yi rajista, ofishi na neman lambar inji da ta shasi, alhali wasu kekunan lamba ɗaya ce a jikin firam, takardarsu kuwa rasit ɗin shago kawai. Yaya ake cike fom ɗin?

Don Allah wanda ya san sashen dokar ya faɗa mana, domin masu kai madara da kayan miya kasuwa ne suke shan wannan tsaiko.