Matoshin roba a kwanson tagulla: muhawarar zauren mafarauta

Na Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Jama'a, abin nan ya ishe ni, yau sai na faɗa. Masu sayar da kayan farauta suna ɗora wa mutane matoshin roba, wato abin da ke raba albarushi da darma a cikin harsashi, su ce a sa a kwanson tagulla na ƙaramar bindiga, geji 36, wai duk ɗaya ne da kwanson roba. Wannan cuta ce. Bangon kwanson tagulla siriri ne, saboda haka cikinsa ya fi na roba faɗi. Matoshin da aka yi wa kwanson roba, in ka jefa shi a na tagulla, zurmawa yake har ƙasa bai kama bango ba. Albarushi ya riƙa silalewa ta gefe yana haurawa cikin darma tun harsashin yana aljihu. In an harba kuma, ƙarfin wutar ya tsere ta gefen nan, ka ji "fus", darma ta zube gabanka, wani lokaci matoshin ya maƙale cikin bututu. Wanda ya ƙara harbi bai leƙa ba, bututu ya kumbura ko ya tsage. Wa zai biya shi hannunsa?

Malamin Fasaha: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ko'ina a gyara kalma. Bindigar da kake nufi ba geji 36 ba ce. Geji lissafi ne: a ɗauki fam ɗaya na darma, wato giram 453.6, a raba shi dunƙule-dunƙule daidai faɗin bututu, yawan dunƙulen shi ne geji. Shi ya sa geji 12 yake milimita 18.5, geji 20 yake 15.6, geji 28 yake wajen 14. Geji 36 na gaskiya ya kusa milimita 12.9. Ita kuwa wadda kake nufi .410 ce, faɗin bututunta ne aka faɗa da inci, milimita 10.4. In an bi lissafin geji, tsakanin 67 da 68 take faɗawa.

Maharbin Daura: To ɗana, mu da ke ganin 36 rubuce a jikin kwalin harsashi, har da jikin bindiga, idanunmu ne suka lalace? Na Italiya da na Birazil duk haka suke rubutawa. Waɗanda suka ƙera abin ba su san sunansa ba sai kai?

Malamin Fasaha: Allah ya ja kwana Baba, ban ce ba a rubutawa ba. Sunan kasuwa ne. Wasu ma 12 mm suke bugawa, alhali wannan ya fi kusa da faɗin kwanson daga waje. Suna uku, bindiga ɗaya, kuma ɗaya ne kawai ya dace da ma'auni.

Ɗan Mai'adua: Baba ya fi ka gaskiya. Tun kafin a haifi wasu ake cewa 36 a Daura da Zango da Mai'adua, har cikin Nijar. Mutum bai taɓa kwana a dawa ba, ya zo da alƙalami zai canza wa mafarauta harshe.

Bakatsine: A daina sako gari a ciki. Lissafi bai san Daura ba, bai san Katsina ba. Auna darma dunƙule ɗaya mai faɗin 10.4, za ka samu giram 6.7. Raba 453.6 da shi ka gani ko 36 zai fito.

Ɗan Mai'adua: Ku dai mutanen birni duk inda ɗan boko ya tsaya nan kuke tsayawa.

Na Ƙofar Sauri: Don Allah maganar matoshi nake yi. Ku kira ta yadda kuka ga dama.

Malamin Fasaha: Ai maganar matoshin ce. Wanda ya yarda 36 geji ne, ya je wurin maƙeri ya ce a yi mashi mahujin yanka matoshin kwali na geji 36, za a ba shi mai yanka 12.9, kwalin ba zai shiga ba. Wanda ya bi 12 mm shi ma kwalin zai lanƙwashe ya bar kafa a gefe. Wanda ya yanka 10.4 daidai bututu, nasa zai yi sako-sako. Kwanson tagulla mai siririn bango, irin na kamfanin Magtech, kwalin .430 yake so, milimita 10.9, na rufe baki kuma .450, milimita 11.4. Ƙa'idar ɗaya ce har a manya: tagullar geji 12 matoshin geji 11 ake sa mata.

Maƙerin Ƙofar Guga: Wannan ƙa'idar ba ta kowane kwanso ba ce, a kula. Akwai wanda ake jan shi daga faifan ƙarfe, shi ne mai siririn bango. Akwai wanda ake fafewa a injin daga sandar ƙarfe, bangonsa da kauri, cikinsa daidai da na roba, shi matoshi na yau da kullum yake ɗauka. Akwai kuma wanda aka buɗa daga kwanson harsashin raifil, .303 ko .444 Marlin, wannan ƙasansa ya fi bakinsa matsewa sosai. Kada a saya da ka. A sa kalifa, ma'aunin faɗi, a auna cikin baki, a auna kuma daidai inda albarushi zai tsaya. Kwalin ya ɗara wurin da kaɗan, yadda sai an danna shi da sanda zai sauka, ana jin iska tana turo shi. Sannan ni ban yarda da kiran shi tagulla ba, farin gaci ne.

Maharbin Daura: Tagulla ne. Da ita ake tasa da munduwa, launi ɗaya.

Maƙerin Ƙofar Guga: Ranka ya daɗe, launi ba ya yanke hukunci a maƙera. Jan ƙarfe kashi 70 ne, zinki kashi 30.

Bakatsine: Kun gani ko? Maƙeri ma da ma'auni yake magana.

Ɗan Mai'adua: Maƙerin garinku ne, dole ka yaba.

Baduku: Ku bar suna ku ji tsarin. Hawa huɗu ne. A kan albarushi kwali mai tauri, kaurin wajen milimita 3, shi ne ke tare wuta. Ya zauna daram a kan albarushin, musamman baƙin albarushi, kada a bar sarari ko kaɗan tsakaninsu. Sai matashi mai laushi, na ulu dannanne ko na ɓawon toshe kwalba, shi ke shanye bugun farko don kada ƙwayoyin darma na ƙasa su baje. Sai darma, giram 14 a kwanso mai tsawon inci biyu da rabi. Sai siririn kwali, bai kai milimita 1 ba, a kan darma. Bakin tagulla ba a naɗe shi kamar na roba, gam ake zagaya wa gefen kwalin. In gam ɗin bai kama ba, a bindiga mai baki biyu bugun harbin farko yana kwance kwalin na biyu, darma ta gangaro ta bututu. Kakin kyandir ba ya riƙewa a zafin Afrilu, balle a cikin mota. Ƙaro kuma yana jan danshi da damina ya saki. Gam ɗin kafinta fari ya fi su, a bar shi ya kwana.

Ɗan Mai'adua: Duk wannan wahala ta me? Tsumma da auduga iyayenmu ke dannawa a bindigar toka, kuma zabi na faɗuwa.

Baduku: Tsumma ba ya tare wuta, ratsa shi take. Kuma yana fita da garwashi a jikinsa, ya faɗa busasshiyar ciyawa da rani. Gobarar daji ba ƙaramin abu ba ce ga mai kara da harawa a gona. Fatar takalmi da robar taya su ma a bar su. Kwali yana matsewa ya wuce inda bakin bututu ya tsuke, su ba sa matsewa.

Maharbin Daura: Wato iyayenmu ne masu ƙona daji. Madalla. Yau an ce ba mu san sunan bindiga ba, an ce ba mu san tagulla ba, yanzu kuma mun zama masu ɓarna.

Baduku: Subhanallahi, Baba, ban faɗi haka ba. Allah ya huci zuciyarka.

Ɗan Batagarawa: Tunda masana sun taru, albarushi cokali nawa ake zubawa?

Malamin Fasaha: Ba a auna shi da cokali, kuma ba a karɓar adadinsa a zaure. Kowane iri da nasa awo a littafin kamfanin da ya yi shi, kuma da sikeli ake aunawa. Albarushi marar hayaƙi in aka zuba shi da mudun baƙin albarushi, bindiga fashewa take. Canza matoshi kaɗai ma yana canza matsin da ke cikin bututu. Sannan a tuna da dokar makamai ta 1959: bindiga mai baki ɗaya ko biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka sai da na Kwamishina, harsashi ma lasisi yake bi, haɗa shi kuma ba a sakar wa kowa ba sai da izinin hukuma.

Ɗan Mai'adua: A halin da jihar nan ta Katsina take ciki, ka kawo mana maganar doka a gaban jama'a? Me kake son a ɗauke mu? Mu mafarauta ne masu rajista, da shugabanninmu.

Malamin Fasaha: Saboda halin da ake ciki ne ma ya sa na faɗa. Mai takarda ba ya jin tsoron a ambaci takarda.

Bakatsine: Ni dai har yanzu ba wanda ya kawo lissafin da ya ba da 36.

Maharbin Daura: Ni kuma ba wanda ya goge 36 daga jikin kwali.

Maƙerin Ƙofar Guga: Gani ya kori ji. A kafa faffaɗar takarda a taku kamar 25, a zana da'ira mai faɗin santimita 76, a harba biyar da kowane tsari, kowane harbi da takardarsa. In tsakiya ta fito fayau, darma ta yi zobe, matashin ya yi nauyi ko ya sha mai da yawa, shi ke kutsawa cikin darma ya watsa ta. A raba shi biyu ko a rage kauri. In ƙwayoyi suka manne bibbiyu da uku-uku, wuta ce ta ratsa kwalin ƙasa, a ƙara mashi faɗi. Man shafa wa matashi kakin zuma ne da kitse. Man inji da baƙin albarushi kwalta suke zama a bututu, kuma baƙin yana narka roba ya shafe ta a ciki. Boris ɗin keke a madadin darma yana karce bututu, tunda babu kofin roba da zai raba su.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. An tabbatar da cewa 36 suna ne sananne, rubuce a jikin kaya, kamar yadda Babanmu na Daura ya nuna, kuma da shi za a ci gaba da kira a zauren nan. Lissafin da aka kawo na aji ne, bai canza komai a dawa ba. Tagulla ma tana nan a tagulla. Hanyar iyaye ba a kushe ta ba, sai dai a kula da wuta lokacin rani. Waɗanda suka ɗaga wa dattijo murya su nemi afuwa. Maganar roba kuwa ba a samu matsaya ba, kowa ya bi abin da ya saba.

Bakatsine: Shugaba, wannan ba adalci ba ne. Kai ma ɗan Sandamu ne, ƙasar Daura, kowa ya sani.

Na Ƙofar Sauri: Yaya za a ce ba a samu matsaya ba? Mutum nawa suka kare matoshin roba a nan? Ko ɗaya. Duk mai kwanson tagulla ya jefa matoshinsa ciki ya kifa kwanson. In ya faɗo da kansa, kada ya ɗura shi, ya mayar wa wanda ya sayar mashi.