Neman shawara: ina son lasisin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a jihar New York, ta ina zan faro?

Bazazzagiya a Bronx:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka riga mu shiga wannan harka su taimaka min. Na yi digirin farko a fannin jagoranci da ba da shawara a ABU Zariya, na ɗan koyar a sakandaren 'yan mata kafin aure ya kawo ni Amurka. Yanzu aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, ina da katin zama na dindindin, yarana biyu. Burina in samu lasisin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda suke kira LMHC. Abin da ke ci min rai shi ne halin da matanmu ke shiga a nan. Mace ta haihu, ta daina barci, ta daina cin abinci, sai kuka, a ce iska ce ko kewar gida. In an kai ta asibiti a haɗa ta da tafinta ta waya, sau da yawa ma namiji, to ta yaya za ta buɗe baki ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta? Tambayata: digirina na gida zai wadatar? An kuma turo min tallar wani kwas na intanet, wai wata shida a ba ka satifiket, shi ma hanya ce? Kuma shekara nawa abin ke ɗauka?

Yaya Mai Lasisi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wancan kwas na wata shida ki manta da shi, kada ki ba su ko sisi. A jihar New York ma'aikatar ilimi ta jiha, NYSED, ita ke ba da wannan lasisi ta hannun ofishinta na sana'o'i, kuma ba ta kallon satifiket. Digiri na biyu take so a fannin ba da shawara, mai kiredit 60, wanda a cikinsa akwai aikin koyo na aƙalla awa 600 a ƙarƙashin kulawa. Digirinki na Zariya ba zai ba ki lasisi ba, amma shi ne zai buɗe miki ƙofar shiga mastas, don haka ki fara neman takardun sakamakonki tun yanzu. Kin san yadda fitar da takarda daga gida ke jan lokaci. Makarantu da yawa za su ce ki kai wa WES, cibiyar da ke auna takardun karatun ƙasashen waje, ko makamanciyarta ta tantance.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wajen zaɓen makaranta. Ba kowane mastas mai kalmar "shawara" a sunansa ne ke kai mutum ga lasisi ba. Na ba da shawara a makarantu daban ne, na ilimin halayyar ɗan Adam zalla shi ma daban. Ma'aikatar tana da jerin shirye-shiryen da ta yi wa rajista a matsayin masu kai wa ga lasisi, ki duba sunan shirin a can da idonki kafin ki cike fom, kada ki dogara da bakin ma'aikacin ɗaukar ɗalibai. A cikin CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, akwai shi a Hunter, City College, Brooklyn College da Baruch, John Jay kuma nata ya karkata ga harkar kotu da gidan yari. Mai karatu cikakken lokaci yakan gama a shekara biyu zuwa biyu da rabi. Mai aiki da yara ta sa uku a ranta.

Bayan kin gama sai babban aikin: awa 3,000 a ƙarƙashin mai sa ido, kuma aƙalla 1,500 daga ciki dole su zama zama ne kai tsaye da masu neman taimako, ba rubutun rahoto ko taro ba. Kafin ki fara ƙirga ko awa ɗaya sai kin karɓi izinin wucin gadi daga ma'aikatar. Izinin nan a ɗaure yake da wurin aikin da mai sa idon da aka rubuta a jikinsa. Kika canza asibiti, ko mai sa idonki ta bar aiki, sai kin sanar an gyara. Na san wata da ta yi watanni tana ganin mutane a sabon wurin aiki ba a gyara takardarta ba, da ta zo haɗa lissafi aka sha daga kafin a gane abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Ki buɗe littafi tun ranar farko, kowane mako ki rubuta awanninki, ki sa mai sa ido ta sa hannu. Kada ki bari sai ƙarshe, mutane na barin aiki, wasu ma ba a sake jin ɗuriyarsu.

Izinin na shekara biyu ne, ana iya ƙara shekara ɗaya sau biyu. Yi lissafi: awa 40 a mako zai kai ki 3,000 a mako 75, wato kusan shekara ɗaya da rabi. Amma mai yin awa 15 a mako sai ta yi mako 200, ta kusa cinye shekaru huɗun duka, babu hutun haihuwa babu zuwa gida ganin iyaye. Wannan matakin ba ya son rabin ƙarfi.

Jarrabawar kuma NCMHCE ce. Ba haddar ma'anoni ba ce, labarin mara lafiya za a ba ki, ana tafiya ana tambayarki me ke damunsa, me za ki yi a zama na gaba. Akwai kuma gajeren horo na gane cin zarafin yara da kai rahotonsa, wajibi ne. Gaba ɗaya ki ƙiyasta shekara huɗu zuwa biyar daga ranar da kika shiga aji.

Ɗan Zongo:

Hajiya ta yi bayani Allah ya saka da alheri, amma ni ina da ja. 'Yar uwa, kin duba fannin aikin jin daɗin jama'a kuwa? Shi na yi. Ka gama MSW, wato mastas ɗin fannin, ka ci jarrabawar lasisi ta ASWB, ka zama LMSW, matakin farko na lasisinmu, ba tare da jiran awa 3,000 ba. Asibitoci, makarantu, gidajen marasa matsuguni, duk suna ɗaukar mu. Gaskiya ne kafin ka kai LCSW, wanda shi ke ba ka damar tsayawa da ƙafarka, sai ka yi wata 36 da awa 2,000, ya fi na LMHC tsawo. Amma duk tsawon lokacin nan da lasisi a hannunka kake aiki. Kuma matan da kike magana a kansu, rabin damuwarsu ta takardun zama ce da kuɗin haya da inshorar lafiya. Mu abin da aka koya mana ke nan.

Yaya Mai Lasisi:

Malam, da shekarun baya ne da ban yi maka musu ba. Yanzu abubuwa biyu sun canza. Tun Janairun 2024 Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke yi wa tsofaffi, ta fara biyan masu lasisinmu, wanda da ba ta yi, shi ya sa wurare da yawa suke fifita ku. Sannan dokar da jiha ta yi a 2022 ta ba mu hanyar samun ikon tantance cuta, bayan ƙarin sharuɗɗa da suka haɗa da awa 2,000 na zama kai tsaye. Ita kuma ta ce zama da mace take so ta yi ta saurare ta, ga tushen karatunta can ya dosa. Amma na yarda, in aikin asibiti take hange, hanyarku ta fi faɗi.

Baban Yara Direba:

Ni tambayata kuɗi. Wa zai biya? Tallafin karatu na gwamnati da ake kira Pell ba ya zuwa wa mai mastas, abin da za a ba ta in ta cike FAFSA, fom ɗin neman taimakon kuɗin karatu, bashi ne mai kuɗin ruwa. Kuma awa 600 ɗin nan na koyo yawanci kyauta ake yi, da rana tsaka, lokacin da ya kamata tana wurin aikinta. Ki zauna da maigida ku yi lissafin wannan shekarar tun kafin ta zo, kada a yi nisa a tsaya.

Maman 'Yan Biyu:

Gaskiya ne Baban Yara, amma kada a karya mata gwiwa. Da katinta da shekara guda a jiha, kuɗin 'yan jiha za ta biya a CUNY, wanda bai kama ƙafar na jami'o'i masu zaman kansu irin NYU ko Fordham ba, ana kuma iya biya kashi-kashi a cikin zango ba ruwa. In kina cikin ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan lafiya ta 1199SEIU ki je ofishin asusunsu na horo ki tambaya me ya hau kanki. Ni ma da adashi na biya zango biyu na karatun jinya. Ki koma aikin ƙarshen mako a shekarar koyon.

Dattijo Mai Sauraro:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Mu a nan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Wadda kika zauna da ita ran Talata ta faɗa miki mijinta na dukanta, ran Asabar za ku haɗu a wurin suna, uwar mijin na kusa da ku a tabarma. Ƙa'idar sana'ar ta hana ki karɓi ƙawarki ko 'yar uwarki, ta hana ki ɗaga zancen ko ga maigidanki. Mafi nauyi kuma, doka ta ɗora miki kai rahoto in kika ga alamar ana cutar da yaro, ko na wane gida ne. Ranar da haka ta faru za a ce kin tona asirin 'yan uwa wa hukuma. Ki auna wannan da kyau.

Sannan kada ki shiga da faɗa da malamai. Wanda ya zo ya ce ruƙiyya ake masa, ba sai kin ce ya bari ba. Limamai da yawa a nan sun gaji da matsalolin da suka fi ƙarfinsu, nema suke su samu wanda za su tura wa mutane.

Bazazzagiya a Bronx:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta shige ni, sai na kwana da ita. Yaya, saura ɗaya: maigida na zancen mu koma New Jersey saboda tsadar haya. Lasisin zai bi ni?

Yaya Mai Lasisi:

Ba zai bi ki da kansa ba, kowace jiha da nata. A New Jersey sunansa ma LPC, ana fara zama LAC, wato matakin share fage, awanninsu kuma 4,500 ne. Amma zama a can bai hana ki riƙe lasisin New York ba, mutane da yawa na ƙetare gadar George Washington kullum su zo aiki. Abin lura shi ne inda mai neman taimakon yake zaune a lokacin ganawa, ko da ta bidiyo ce, dokar jihar ke aiki. Sai dai kuna komawa kuɗin 'yan jiha a CUNY ya kuɓuce miki, don haka ki roƙi maigida a jinkirta ƙaurar har ki gama mastas ɗin.